Khan Academy da 'yan ajina

Tun kullen korona na 2020 na fara amfani da Khan Academy, wani shafin intanet mai bidiyon darussa, har yau ban daina ba. Lissafi nake koyarwa, aji cike maƙil, ta ina zan bi kowa ɗaya bayan ɗaya? Yanzu nakan tura musu bidiyon darasi ta WhatsApp, wanda bai gane ba ya yi ta maimaitawa, ba mai yi masa dariya. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba, jiya ita ta fito allo ta warware mana lissafi, alli na rawa a hannunta. Wallahi har ƙwalla na yi. Darussan kyauta ne, data ce ke cin kuɗi, wasu kuma sai baba ya dawo daga kasuwa suke samun waya.