Tarihin Rayuwata (Kashi na 11): Kaset ɗin Buzu

Makon jiya na tsaya a inda aka sallame ni daga makaranta, Kawu ya ja ni shagonsa na ɗaukar kaset a bakin Kasuwar Dole, nan Damagaram. A 1986 ke nan. Aikina bai wuce zama gaban rikoda mai baki biyu ba, ina kwafar kiɗan kalangu da na kuntigi da waƙoƙin Indiya tun hantsi har la'asar sakaliya.

Wata ranar Alhamis wani direba Buzu mai kai kaya Arlit ya shigo da kaset a aljihun rigarsa. Zafin mota ya sa zaren ya tsinke. Ya ce, "Yaro, in ka gyara mini wannan, ladanka na wurin Allah, kuɗinka na wurina." Na kwance shi da ɗan sukudireba, na datse inda ya cukurkuɗe, na liƙe da jan farce, na naɗe da biro. Da na saka don gwaji sai na kasa kashewa.

Jita ce, amma ba irin mai hayaniyar nan da ke sa Kawu toshe kunne ba. Mai kiɗan tsinkar tsirkiya yake da yatsu tsirara, kamar yadda masu gurmi ke yi a garinmu. Muryarsa ƙasa-ƙasa, sai ka ce hira yake da kai, jitar na ba shi amsa. Na kwafi ɗaya na ɓoye a ƙarƙashin benci.

Wani malamin Turanci ɗan Gana da ke sayen batir a wurinmu shi ya karanta mini sunan ƙungiyar mawaƙan: Dire Straits. Ya ce ma'anarsa tsaka mai wuya, wato talauci ya kai wa mutum iya wuya. Daga bakinsa na fara jin labarinsu, sauran na tsinta daga baya.

A 1977 suka haɗu a unguwar Deptford ta Landan, su huɗu: Mark Knopfler da ƙanensa David, da John Illsley, da mai ganga Pick Withers. Mark ya kusa talatin, ya yi aikin jarida, ya yi koyarwa, ba wanda ya san shi. Suka harhaɗa ɗan abin da ke hannunsu suka ɗauki waƙoƙi biyar, suka kai wa Charlie Gillett na gidan rediyon BBC na Landan. Ya saka waƙarsu "Sultans of Swing" a shirinsa, kamfanonin faifai suka shiga nemansu. Faifan farko ya fito a 1978, amma mutanen Ingila ba su kula ba sai da Holan ta karɓa, Amurka ta bi a 1979, sannan na gida suka farga. Abin da har yau yake mini ciwo shi ne rabuwar wa da ƙane, domin a 1980 David ya fita ana tsakiyar aikin faifai na uku. Da suka saki faifan Brothers in Arms a 1985 kuwa, duniya ta ɗauka, har ga shi ya iso motar da ke ratsa Agadas.

Ni da aka koro daga aji, labarin malamin da ya kai wannan shekaru kafin a ji sunansa ya zauna mini a rai ƙwarai.

Kafin wata biyu direbobin arewa sun gane shagonmu. Kawu ya ce, "Kai, wannan kiɗan Nasaran ya fi na Indiya kawo ciniki." Na ce, "Kawu, ai ban faɗa maka ba, ni ma so nake in koya." Ya dube ni ya daɗe, bai ce uffan ba. A daren na samo gwangwanin man gyaɗa da sanda da wayar birkin keke.

Yadda Baba ya tsinci abin a bayan rumbu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.