Harafi ɗaya ya ja mini asarar hoton Kaka

Shekara uku ke nan, amma har yau in na buɗe hotunan bikin ƙanwata sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Hoto fiye da ɗari huɗu na ɗauka a wannan biki, kuma mafi yawansu sun yi kyau. Guda goma sha ɗaya ne suka lalace, su ne kuma waɗanda na sayi kyamarar dominsu.

Wata takwas na yi ina tara kuɗi. Na san sabuwa ta fi ƙarfin aljihuna, saboda haka tun farko na tsayar da raina kan ta hannu. Na yi ta kai-kawo tsakanin Canon 1200D da Nikon D3200, daga ƙarshe na ɗauki D3200, wadda ta fito a 2012 da megafiksel 24. Wannan lamba ce ta ja ni, ita ce kowa yake fara tambaya. Duk abin da ake cewa a duba na duba: na leƙa sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, na haska fitila cikin lensi ko akwai funfuna, na ɗauki hoto na bincika adadin bugun da ta taɓa yi, na tarar bai kai dubu ashirin ba, alhali an gwada makullinta, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka, har bugu 100,000. Da lensinta na 18-55mm ta zo, da batir da caja. A nan ban yi kuskure ba, kuma ko gobe aka ce in sake zaɓe da wannan kuɗi, ita zan ɗauka.

Saura mako biyu biki na koma neman lensi na biyu. Na gane cewa na 18-55 ba ya jure duhu, domin in ka ja shi ƙarshe buɗinsa, wato ƙofar da haske ke shiga, yana tsayawa a f/5.6, ba ya shigar da haske sosai, kuma na san ɗakunan gidanmu. Kowa ya ce 50mm f/1.8 ne maganin, domin buɗinsa ya fi faɗi. A wani shago aka fito mini da guda biyu, ɗaya an rubuta AF-S a jikinsa da G a ƙarshe, ɗayan AF kawai da D (AF na nufin lensin da kyamara ke saita wa da kanta). Tsawonsu ɗaya, buɗinsu ɗaya, amma mai D ɗin ya fi arha nesa ba kusa ba. Na tambayi mai shagon bambancinsu, ya ce, "Yallaɓai, tsohon yayi ne da sabon yayi kawai." Ya ɗauko kyamararsa, ya ɗaura shi, ya miƙo mini. Na taɓa maɓalli, lensi ya yi ƙiii ya kama fuskar yaron shagon tar. Na biya na fito ina murna na rage kuɗin ashana.

Ban je da tawa kyamarar ba. Ita ke nan maganar. Kyamarar da ya gwada mini D7000 ce, kuma ita tana da ɗan inji a cikinta mai juya lensi ta wani ƙaramin sukuru da ke bakin inda ake ɗaurawa. D3200 ba ta da wannan inji. Duk jerin D3000 da D5000 ba su da shi, an cire ne don su yi sauƙi a hannu da aljihu. Su sai lensin da ke ɗauke da injinsa a jikinsa, wato mai S ɗin nan bayan AF. Mai D zai ɗauru daram, zai auna haske, zai ɗauki hoto, amma saitin fuska sai ka murɗa da hannunka. Ban ce mutumin ya yi niyyar cuta ta ba, Allah ne masani. Amma na faɗa masa sunan kyamarata, kuma wanda ya shekara yana sayar da waɗannan kaya bai kamata a ce wannan ya ɓace masa ba.

Da na isa gida na ɗaura shi, sai kyamara ta ƙi ɗauka, ta rubuto cewa in kulle zoben buɗi a lamba mafi girma. Na murɗa shi zuwa 22 na kulle, ta yarda. Na ɗauka matsalar ke nan na warware ta. Na taɓa maɓalli, shiru. Na kashe na kunna, na cire na mayar, shiru. Sai da dare wani abokina da ke ɗaukar hoto a wajen biki ya yi mini bayani a waya. Da safe na koma, aka ce kayan da ya fita ba ya dawowa, sai dai in ƙara kuɗi a canza mini, ni kuwa kuɗin sun riga sun tafi gudummawar biki.

Sai na ce ai masu hoton da can da hannu suke saitawa, me zai gagara? Na yi kwanaki ina gwaji a tsakar gida da rana, yana fita lafiya lau. Abin da ban lissafa ba shi ne, tagar leƙen ƙananan kyamarorin nan ƙarama ce kuma da ɗan duhu, ba a yi ta don saitin hannu ba. Akwai ɗan ɗigo kore a ƙasan tagar da ke kunnuwa in saiti ya zauna, da rana yana taimako. A ɗaki bayan magariba sai ya riƙa ƙyaftawa yana ɓacewa. Ga shi a f/1.8, in mutum yana nesa da kai kamar mita biyu, wurin da zai fito tar bai kai taƙi ɗaya ba. Ka ɗan sunkuya, ko shi ya ɗan ɗaga kai, shi ke nan ya fice.

Ranar kai amarya aka shigo da ita ɗakin Kaka don sallama. Babu wuta, fitilar caji ɗaya ce a kan kwabad. Kaka ta riƙe hannunta tana yi mata nasiha, sai ta hango ni a bakin ƙofa, ta ce, "Maigida, zo ka ɗauke ni da kishiyar tawa kafin a raba mu." Ɗaki ya ɗauki dariya, har amaryar da ke kuka cikin mayafi ta murmusa. Na ɗaga kyamara. A nan matsala ta biyu ta bayyana: sensar waɗannan kyamarori ƙarama ce, tana mayar da 50mm kamar 75mm, wato tana rage faɗin abin da ke shiga hoto, sai na ga fuska ɗaya da rabi kawai nake samu. Na ja baya har bayana ya daki bango. Na murɗa, na danna, na murɗa, na danna, sau goma sha ɗaya. A ɗan allon baya duk sun yi kamar sun fita. Motoci na jira a waje, ban tsaya na zuƙo hoton na duba ba.

Washegari a kwamfuta na gani. A wasu, kwanukan jeren da ke bayansu ne suka fito tar, har zanen furen jikinsu kana ƙirgawa. A wasu, bakin mayafin amarya. Fuskar Kaka babu ko ɗaya da ta zauna. Bayan wata biyar Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Da na bar lensin 18-55 ɗin a jiki na ɗaga ƙaramin filas ɗin kyamarar, da hoton ya fito da kaushin haske, amma da fuskarta tana nan. Wannan tunani ne ya fi ci mini rai, domin lensin yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata.

Yanzu duk wanda ya ce mini zai sayi kyamararsa ta farko, ba na bari ya fara da maganar megafiksel. D90 ta 2008 megafiksel 12 gare ta, kuma hotonta ya isa a wanke babba a rataya a falo. Ita da D7000 suna da injin nan, saboda haka in kana son cin arhar tsofaffin lensuna, gara ka sayi ɗaya daga cikinsu ko da ta fi tsufa da nauyi. In kuwa ƙaramar kake so, to ka sa kuɗin AF-S cikin lissafi tun farko. Ka kuma kula da sababbin da aka rubuta AF-P, domin su ma ba sa aiki da D3200 da na gabanta, sai daga D3300, ita ma sai an sabunta manhajarta. A ɓangaren Canon wannan ciwon kai babu shi, tun 1987 duk lensin EF da injinsa yake zuwa, kuma 50mm f/1.8 STM nasu yana da sauƙin kuɗi. Amma su ma akwai abin dubawa: 2000D da 4000D da suka fito a 2018 an fitar da su ba ɗan ƙarfen tsakiya a mazaunin filas, don haka filas na wani kamfani yana iya ƙin tashi a kansu. Kowace ka zaɓa, duk abin da za ka saya mata, lensi ne, filas ne, batir ne, ka ɗauke ta ka je da ita, a ɗaura a kanta, a gabanka, kuma ka nemi lungu mafi duhu a shagon ka gwada a nan. Kada ka yarda a gwada maka a kan ta mai shago.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne ƙura. Lokacin hunturu kada ka canza lensi a fili. D3200 da D3300 suna karkaɗe sensarsu da kansu, D3400 da D3500 ba su da wannan, sai ka tanadi 'yar robar hura iska.

Daga baya na sayar da mai D ɗin da faɗuwa, ga wani mai D7100, kuma sai da na sa ya zo da kyamararsa. Na cika kuɗi na sayi AF-S 35mm f/1.8G, wanda a kan wannan sensa yake ba da faɗin da ido ya saba gani, ya kuma dace da ƙananan ɗakunanmu. Da shi na ɗauki sunan ɗiyar ƙanwar tawa bara, wadda aka mayar wa sunan Kaka, a wannan ɗaki dai, kuma kowane hoto ya zauna.

Cikin goma sha ɗayan nan akwai guda da saitin ya faɗa kan hannuwansu, yatsun Kaka da zoben azurfarta a kan lallen amarya. Ni na so in goge su duka, Umma ta hana. Ta sa na wanko mata wannan, yana nan a ɗakinta cikin firam, kusa da agogon bango.