Dabbar da ba ta riƙe ɗan kunne

Da asuba na hau bas a Akra. Muka wuce Nsawam, masu tallar burodi na bin taga, muka wuce Nkawkaw da Konongo, sai bayan azahar muka shiga Kumasi, ƙafafuna sun kumbura suntum. Ɗan ƙanwata da ke karatun likitan dabbobi ne ya tarbe ni. Muka kwana a Aboabo, gari na wayewa ya ja ni gidan zu.

Gidan yana dab da kasuwar Kejetia, tun 1957 yake nan. Hayaniyar kasuwa na biyo mutum har ciki, sannan ga jemagu sun yi wa bishiyoyi baƙi ƙirin. A gaban kejin birai na tsaya, duk fuskarsu ɗaya a idona. Na ce masa mu dai a ƙauye tsaga kunnen akuya ake yi, raƙumi a ɗana masa ƙarfe mai zafi, magana ta ƙare.

Ya ce, "Kawu, ai akwai wadda ta gagari wannan dabara."

Ya zaro waya ya nuna mini wata dabbar ruwa ta Amurka ta Arewa da Turai, bifa, kamar ƙaton gyazbi mai faffaɗar wutsiya. Kunnenta ɗan mitsitsi ne, lambar da aka maƙala ba ta cika daɗewa ba. Wuyanta da kanta kusan kauri ɗaya, abin wuya zamewa yake yi. In an aske gashi ya sake tsirowa. Ko mace da namiji ba a rabewa da ido. Shi ya sa masu kula da ita a gidajen zu kan tura mata wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata da allura. Ba ta da batir. Sai an kanga mata abin karantawa lambobi 15 su fito, a duba littafi a san wace ce, wa ya haife ta, yaushe ta sha magani.

Ni dai shaidar da ido ba ya gani ba ta kwanta mini ba. Ranar da na'urar ta lalace fa? Na shafa tsagar da ke kumatuna, wadda ko daga nesa ake karantawa.

Na ɗaga kai na nuna masa jemagun, na ce su kuma wa zai yi musu lamba. Kafin ya buɗe baki ɗaya ya sako mini kashi a hula.