Yadda Gidan Tarihin Baƙaƙen Amurka Ya Tara Kayansa

Duk baƙon da ya sauka a kewayen Washington da ɗan guziri, ba ya daɗewa zai gano cewa ba a biyan kuɗin shiga gidajen tarihin hukumar Smithsonian. A watannina na farko, ina jiran takardar izinin aiki, ga sanyin hunturu ya hana yawo, sai na mayar da su wurin yini. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Amurkawa baƙaƙen fata, wanda aka buɗe ranar 24 ga Satumba, 2016, domin yawancin maƙwabtana a jihar Maryland jikokin bayi ne, kullum muna gaisawa amma ban san labarin kakanninsu ba.

Majalisar dokokin Amurka ta amince da kafa gidan a 2003, kuma lokacin da aka naɗa Lonnie Bunch ya shugabance shi a 2005 babu gini, babu kayan nuni ko ɗaya. Ma'aikatansa sun riƙa bin birane suna gayyatar jama'a su fito da abin da suka gada, masana su duba musu, su koya musu yadda za su adana shi, wanda ya ga dama kuma ya bayar kyauta. Cikin abin da ya shigo hannunsu daga gidajen mutane akwai mayafin da Sarauniya Victoria ta Ingila ta ba Harriet Tubman, matar da ta tsere daga bauta ta kuma taimaki wasu bayi suka tsere, da Littafi Mai Tsarki na Nat Turner, wanda ya jagoranci boren bayi a Virginia a 1831. Wata bukkar bayi ta katako kuwa daga tsibirin Edisto da ke jihar South Carolina aka warware ta, aka sake haɗa ta a cikin gidan. Shi kuma taragon jirgin ƙasa na zamanin wariyar launin fata, saboda girmansa, tun a 2013 aka sauke shi cikin ramin ginin, sannan aka yi rufi a kansa.

A ganina, tsarin da aka jera kayan ya fi kayan kansu magana. Da mai ziyara ake fara sauka can ƙarƙashin ƙasa, inda hanya ke da ƙunci da duhu, ya tarar da sandunan ƙarfe da aka tsamo daga jirgin bayin São José, wanda ya nitse kusa da Cape Town a 1794 ɗauke da mutanen Mozambik. Daga nan yake hawowa sannu a hankali, zamani bayan zamani, har ya kai ga layin masu jiran ganin akwatin gawar Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a 1955. A ɗakin an hana ɗaukar hoto.

Ni da na saba da Gidan Makama a Kano, ban taɓa zaton tsohon kwano ko wasiƙar talaka za su samu gurbi a gidan tarihi ba. Da na faɗa wa dattijuwar da ke ƙasan benenmu, wadda nake kira Mama, sai ta shiga ciki ta ɗauko dutsen gugar da kakarta ta yi sana'ar wankau da shi a Georgia, ta ce jikokinta ne za su yanke shawarar ko a kai shi can.