Kwana Huɗu a Bakin Kogin Danub Lokacin Dawowar Tsuntsaye

Na isa Tulca a makon farko na watan Mayu, bayan tafiyar kusan awa biyar a mota daga Bukarest. Daga wannan gari na gabashin Romaniya ake shiga dausayin da kogin Danub ya shimfiɗa kafin ya faɗa Bahar Aswad. Kogin ya rabu gida uku: Kiliya ta arewa mai iyaka da Yukiren, Sulina a tsakiya, sai Sfantu Gyorge ta kudu. Tun 1991 UNESCO ta sa wurin cikin wuraren gado na duniya, kuma an ga tsuntsaye sama da iri 300 a cikinsa. Kafin a hau ruwa sai an yanki takardar izini daga hukumar da ke kula da dausayin, a kuma riƙe fasfo, tunda yankin iyaka ne.

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka tashi a ƙaramin kwalekwale mai inji, muka nufi ƙauyen Mila 23. Ba mu daɗe a reshen Sulina ba. An miƙar da shi tun ƙarni na 19 saboda manyan jirage, gaɓarsa dutse ce, tsuntsu ba ya zama. Abin kallo yana cikin ƙananan mashigai, inda dogon karan ruwa ya yi katanga dama da hagu.

Tsayin ruwa shi ke yanke abin da mutum zai gani. A wannan lokaci kogin a cike yake da narkakkiyar ƙanƙara da ruwan sama daga can sama, don haka kwalekwale yana shiga tafkunan da in ruwa ya janye sai dai a hango su. Zalɓe iri-iri da balbelu suna ko'ina, amma laka ta nutse. Wanda ya zo neman ƙananan tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da ke tsinci a laka zai yini a banza, ya ɗauka ba su iso ba, alhali suna nan kudu da dausayin, a gaɓar tafkin Sinoye.

A tafkin Furtuna muka tarar da kwasakwasai. Fararen, waɗanda suka yi hunturu a Afirka suka dawo ta mashigin Bosforas na Turkiyya, suna kamun kifi a ƙungiya. Sukan jeru kamar lauje, su koro kifi zuwa inda ruwa bai da zurfi, sannan su tsoma baki gaba ɗaya, su ɗago gaba ɗaya, kai ka ce umarni ake ba su. Akwai iri na biyu da bai kai su yawa ba, mai launin toka-toka da murɗaɗɗen gashi a ƙeya. A zaune kan ruwa daga nesa suna rikitarwa, sai ka jira su tashi: farin yana da baƙin gashi shar a gefen baya na ƙasan fiffike, ɗayan kuwa ƙasan fiffikensa a dushe yake. Wajen ƙarfe goma, da iska ta ɗumama, sai garken ya hau sama yana kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba. Lokacin ƙidaya ke nan. Ka ƙirga goma, ka riƙe faɗinsu a ido, ka auna sauran garken da shi, ka maimaita sau biyu. Ido ya fi saurin rage adadi fiye da ƙarawa.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wato mai ninki takwas, ya wadatar a cikin kwalekwale. Mai ninki goma yana ƙara rawar hoto da kowace igiyar ruwa, babban madubi mai ƙafa uku kuwa kaya ne kawai. Ni dai na fi son direban da ke kashe inji tun da sauran mita ɗari, ya bar ruwa ya kai mu. In aka matsa kusa da sheƙa, iyaye su watse, hankaki ya sauko ya fasa ƙwai cikin minti ɗaya. Shi ya sa aka hana shiga babbar maƙyanƙyasar kwasakwasai ta Roshka-Buhayoba kwata-kwata. A tsara hanya ta yadda rana za ta kasance a baya, safe a fuskanci yamma, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙar inuwa ne.

Rana ta uku iska ta taso daga teku, karan ruwa ya yi ta kaɗawa, ƙananan tsuntsaye mawaƙan cikinsa suka yi ƙasa suka yi tsit. Irin wannan rana a bar manyan tafkuna a bi mashigai masu bishiyoyi.

Rana ta huɗu na bi hanyar mota zuwa kudu, gaɓar tafkin Sinoye kusa da kufan tsohon birnin Girkawa na Istiriya. Nan ruwa bai wuce idon sawu ba, laka a fili, kuma nan babban madubin ya biya wahalar ɗaukarsa. Masu dogayen ƙafafun suna nan birjik, kai a ƙasa, suna tara kitsen da zai kai wasunsu har arewacin Rasha. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya zafi ya fara sa iska rawa a kan laka, hoton ya narke, na naɗe ƙafafun madubin.