Taga a kan ɓera: yadda muke leƙa ƙwaƙwalwa wata da watanni

Kowane dogon gashin bakin ɓera yana da gurbinsa a ɓawon ƙwaƙwalwa. Masana kimiyya Woolsey da Van der Loos ne suka bayyana haka a 1970. In ka kaɗa gashi ɗaya, gurbinsa ne ke fara amsawa. Aikina shi ne in ɗauki hoton wannan amsa a ɓera guda, yau da mako mai zuwa, har bayan wata biyu.

A Jamus na koyo, na dawo Birnin Kebbi. Madubin ganin ƙananan abubuwa mai aiki da hasken leza, irin wanda Denk da abokansa suka fito da shi a 1990, ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka bi hanyar Grinvald ta 1986: jar fitila, kyamara, da ɗan ƙarfe mai kaɗa gashi. Gurbin da ke aiki yana zuƙe iskar da ke cikin jini, jinin da iskarsa ta ragu kuwa ya fi shan jan haske, don haka gurbin yakan ɗan dusashe a hoto. Kaɗan fa, kamar kashi ɗaya cikin dubu ko ƙasa. Ido ba ya gani, sai an maimaita kwamfuta ta tara.

Wahalar tana wajen tagar. A sa ɓera barci, a cire ɗan ƙashin kai mai faɗin milimita 3 zuwa 5, a liƙa gilashi. Hannu ya ɗan yi nauyi, wurin ya kumbura, bayan kwanaki tagar ta yi hazo. Ko an yi da kyau ma, ƙashi kan sake tsirowa daga gefe. Da hunturu kuwa, ƙura kaɗai ta ishe ka.

Wutar janareta na sa haske rawa, rawar ta fi abin da muke nema girma. Batir muke sa wa fitilar. Zafin jikin ɓeran kuma sai ya tsaya a digiri 37, barcin kada ya yi nisa, in ba haka ba amsar ta ɓace.

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ta yaya za mu san wurin jiya ne?" Na kunna koriyar fitila, jijiyoyin jini suka fito raɗau kamar rassan Gulbin Rima. Su ne taswirarmu. Kafin a taɓa gashi ko ɗaya, sai ta ɗora hoton yau a kan na ranar farko, inda jijiya ta rabu biyu ya hau kan ɗan'uwansa. Rannan bai hau ba, muka kwance kan ɓeran muka sake ɗaurewa.