Dawakin Assateague, waɗanda ba su san linzami ba

Da doki na buɗi ido a gidanmu na Katsina. Mahaifina yana da wani danda a turke, kuma tun ban kai tsayin likkafa ba nake kai masa harawa da ruwan kanwa. Shi ya sa ranar da ɗan yayata da ke aiki a birnin Baltimore na Amurka ya ce min akwai tsibirin da dawakai ke yawo ba turke ba dabaibayi, bai rufe baki ba na ce gobe sai can.

Muka yi sammako. Muka haye doguwar gadar Chesapeake, muka ratsa gonakin masara da gidajen kaji, wajen awa uku sai ga mu a gadar shiga Assateague. Tsibiri ne siriri, tsawonsa kusan kilomita 60, kwance a gaban gaɓar jihohin Maryland da Virginia yana tare musu ƙarfin tekun Atlantika. Gabas rairayi da teku, yamma fadamar ruwan gishiri.

A bakin kwalta muka fara cin karo da su: ingarma ɗaya, goɗiya uku da duƙushi. Gajeru ne, gezarsu ta sauko har ido, cikinsu tim kamar an hura. Da na gani na zaci ciwo ne. Ashe ciyawar fadamar da suke ci gishiri gare ta, sai su sha ruwa ninki biyu na abin da dokin gida ke sha. Kanwar da muke saya mu jiƙa wa namu, su ga irinta a cikin kowace loma.

Ban san lokacin da na buɗe ƙofar mota na miƙa hannu ba. Yaron nan ya riƙo rigata.

"Kawu, don Allah dakata. A nan ba a matsar su."

Ya nuna min allon hukuma. Dokar ita ce a bar ƙafa 40 tsakani, wajen mita 12, kamar tsawon babbar bas. Taɓa su ko ba su abinci, tara ce. Raina bai so ba, don hannuna ya saba da wuyan doki tun kafin a haifi yaron. Amma da muka isa wurin da baƙi ke shimfiɗa abinci, sai na gane dalili. Wata goɗiya ta nufo wasu iyali kai tsaye, ta ture akwatin ƙanƙararsu ta zuba kai. Wani ya matso zai kore ta, sai ingarman ya kwantar da kunnuwa ya juya baya. Duk wanda ya yi zaman barga ya san abin da ke biyo baya: harbi ko cizo. Allah ya sa mutumin ya ja da baya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne cutar ta fi komawa kan dawakan. Wanda ya saba karɓar abinci a tagar mota, kan titi zai riƙa tsayawa, kuma motoci sun sha kashe su a nan. A 2017 wata goɗiya ta mutu bayan ta ci abincin kare da ta samu a ajiye.

Ta yaya suka zo tsibirin? Mutanen yankin sun fi son labarin jirgin ruwan Sifen da ya nutse, dawakansa suka yi iyo zuwa gaɓa. Bayanin da ya fi ƙarfi kuwa shi ne a ƙarshen ƙarni na 17 manoma suka tsallako da su don guje wa haraji da dokar shinge. Na tuna da labarin makiyayanmu da jangali.

Shinge ya raba garken biyu a kan iyakar jihohin. Na Maryland, inda muke, hukumar gandun daji ta ƙasa ke lura da su, tana son yawansu ya tsaya tsakanin 80 da 100 don kada su cinye ciyawar da ke riƙe rairayi. A 1994 ta fara harba wa goɗiyoyi allurar hana ɗaukar ciki daga nesa. Na Virginia mallakar 'yan kwana-kwanan sa-kai ne na garin Chincoteague, waɗanda tun 1925 suke sa su iyo zuwa garin a ƙarshen Yuli, a yi gwanjon duƙusai.

Da la'asar muka koma bakin teku. Ƙudaje da sauron fadama sun koro garken zuwa rairayi, suna tsaye gab da ruwa iska na kaɗa gezarsu. Na yi salla can nesa, na zauna ina kallo. Can sai duƙushin ya baro uwarsa ya nufo ni, yana shinshina iska. Danda ne, irin na mahaifina sak, har da farin goshin. Na miƙe, na naɗe dardumata, na sa hannuwana biyu a aljihu, ina ja da baya yana biyo ni, har uwar ta yi haniniya ya juya da gudu.